Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nazari Kan Shirin Ambaliya A Garuruwan Bakin Kogin Binuwai



An shirya wannan nazari domin a karanta shi bayan Misa, da wurin taron Zumuntar Mata, da na maza, da na matasa, da kuma ƙananan majami'un ƙauye inda katikis ke bi da sujada. Kafin a fara, a sa wani ya karanta Farawa 6:9-22 da Matiyu 7:24-27, a yi shiru kaɗan, sa'an nan a ci gaba.

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu a bakin kogi aka haife mu. Daga Binuwai muke samun kifi, a fadamarsa muke noman shinkafa da masara, ta kansa muke ƙetarewa zuwa kasuwa da asibiti. Kakanninmu sun zauna da shi lafiya, gama sun san lokacin cikarsa da lokacin janyewarsa, sun kuma san iyakar da ba a gini. Amma a shekarun nan kogin yana zuwa mana har cikin ɗaki. Mun binne 'yan'uwa, mun rasa rumbuna da dabbobi, waɗansunmu sun yi makonni suna kwana a azuzuwan makaranta. Duk sa'ad da haka ta faru mukan yi addu'a, mu tara gudummawa, mu jira agaji. Wannan daidai ne. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce, me ya kamata mai bi ya yi a watannin da ruwa bai zo ba tukuna? Abin da muke so mu koya shi ne, shirin ambaliya aikin bangaskiya ne, da rani ake yinsa, gari duka kuma shi ke yinsa tare.

1. Inda ruwan ke fitowa

Binuwai ya taso daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru. Ya bi ta Garwa, ya shigo Nijeriya gabas da Yola, ya wuce Jimeta da Numan da Lau da Ibi da Makurɗi, har ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400. A Kamaru, wajen kilomita 50 daga Garwa, akwai madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 domin wutar lantarki da noman rani. In tafkinta ya cika maƙil, dole masu kula da ita su buɗe ƙofofi su rage ruwan, gama in madatsar ta ɓalle, ɓarnar da za a yi ta fi ta buɗe ƙofa nesa ba kusa ba.

Mun saba ɗora wa Lagdo laifin kowace ambaliya, amma ya kamata mu san cewa manyan koguna da dama suna shiga Binuwai ne bayan ya wuce madatsar. Mayo Kebbi da Faro suna zuba masa ruwa kafin ya iso Yola. Gongola, wanda ke da madatsun Dadin Kowa da Kiri a kansa, yana shiga a Numan. Can gaba kuma ga Taraba da Donga da Katsina-Ala. Saboda haka ko ba a ji sanarwa daga Kamaru ba, kogin yana iya tumbatsa, musamman daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan marka.

Mu kuma lura cewa ambaliya iri biyu ce. Ta fari ita ce cikar kogi. Wannan takan hau sannu a hankali cikin kwanaki, mai ido yana ganinta, ana kuma iya samun labarinta daga garuruwan da ke samanmu. Ta biyu ita ce ta ruwan sama mai ƙarfi da ke sauka cikin sa'o'i kaɗan, ya cika kwari da rafi da lambatu, ya faɗa wa unguwa, sau da yawa da dare. Wannan ba ta jiran sanarwa. Gari mai hikima yakan shirya wa dukansu biyu.

2. Abin da shekarun baya suka nuna mana

A shekara ta 2012 ruwa ya shafi jihohi 30 daga cikin 36 na ƙasarmu. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A lokacin da yawa sun ce irin wannan ba za ta sake zuwa ba a zamaninmu. Bayan shekara goma, a 2022, ta dawo. An fara sakin ruwan Lagdo ranar 13 ga Satumba, ga kuma ruwan sama mai yawa a ko'ina. Mutane fiye da 600 suka rasu, wajen miliyan 1.4 suka rasa matsuguni, ruwa ya yanke babbar hanyar Lakwaja zuwa Abuja kwana da kwanaki. A watan Oktoba na shekarar, a Ogbaru ta Jihar Anambra, can ƙasa a kan kogin Kwara, jirgin ruwa da ya ɗauki masu gudun ambaliya ya kife, aka ba da labarin mutuwar mutum 76.

Ko inda babu Binuwai an ga irin wannan. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar da garin ya gani a 1994. Ranar 29 ga Mayu 2025, tun damina ba ta zauna ba, ruwan sama na dare ɗaya ya faɗa wa Mokwa a Jihar Neja da asuba, mutane fiye da 150 suka rasu. A ƙarshen Yuli na shekara ta 2025 kuma, ruwan dare ɗaya ya shiga unguwannin Yola ta Kudu, ya ci rayuka fiye da 20.

Idan muka duba waɗannan shekaru za mu ga abubuwa uku. Ruwan yana dawowa, ba baƙon kwana ɗaya ba ne. Waɗanda suka fi mutuwa su ne yara da tsofaffi da waɗanda ruwa ya tarar suna barci. Kuma wani lokaci gudun da aka yi a makare, cikin firgita, shi kansa yakan kashe mutane.

3. Me ya canza?

Dalili na fari shi ne sauyin yanayi. Hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas, da na dazuzzukan da ake ƙonewa, yana taruwa a sararin sama ya riƙe zafin rana kamar bargo. Masana sun auna sun ga duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salsiyas in an gwada da shekarun 1850 zuwa 1900, shekara ta 2024 kuwa ta fi dukan waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awon. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi. Kowane ƙarin digiri 1 yana sa ta riƙe ƙarin wajen kashi 7 cikin 100. Abin da ta ɗauka kuwa, dole ta sauke. Shi ya sa ruwan da dā yakan rarrabu cikin mako biyu, yanzu yana iya zubowa a dare ɗaya, sa'an nan a yi kwanaki babu ɗigo har shuka ta yi yaushi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Afirka duka ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba, amma talakawanta suna cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa.

Dalili na biyu yana hannunmu, bai kamata mu ɓoye shi ba. A shekarun fari na 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, koguna sun janye, fadamu sun bushe. Mutane suka ƙaru, fili ya yi tsada, aka yanka filaye aka yi gidaje da shaguna, har da majami'u, a wuraren da kakanninmu suka bar wa ruwa. Da shekarun ruwa suka komo, kogin ya bi tsohuwar hanyarsa ya tarar da mu a ciki. Mun kuma sare itatuwan tudu da na gaɓar kogi domin itacen girki da gawayi. Ƙasar da ba ta da saiwar da za ta riƙe ta, ruwa yakan kwashe ta ya zuba a kogi, yashi ya cika cikinsa, zurfinsa ya ragu. Kogin da ya rasa zurfi, faɗi yake nema. A birane kuma leda da shara sun toshe lambatu da kwalbati. Ba mu da ikon tsai da hadari, amma waɗannan duka muna da ikon gyara su.

4. Koyarwar Littafi Mai Tsarki da ta Ikilisiya

Sau da yawa in an ce wa mutum ya tashi daga inda ruwa ke zuwa, sai ya ce, "Allah ne mai tsaro, abin da ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne Allah ne mai tsaro. Amma mu dubi yadda ya tsare Nuhu. Ya faɗakar da shi tun da wuri, ya ba shi awon jirgi, ya umarce shi ya tara abinci domin iyalinsa da dabbobi. Nuhu ya sassaƙa jirgin a busasshiyar ƙasa, babu ko gajimare. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa (11:7) ta kira wannan aiki bangaskiya. Haka Yusufu a Masar, da ya san shekaru bakwai na yunwa suna tafe, ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekarun ƙoshi (Farawa 41). A Antakiya ma, da annabi Agabus ya faɗi cewa yunwa na zuwa, almajirai suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:27-30).

Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin magina biyu. Ruwa ɗaya, iska ɗaya, ambaliya ɗaya ta buga gidajensu. Bambancin yana ga inda kowannensu ya kafa harsashi. Misalin yana koyar da jin Maganarsa da aikata ta, amma da abin da kowane mai gini ya sani ya kafa shi. Kuma sa'ad da Iblis ya ce masa ya faɗo daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi, ya ƙi, ya nuna cewa yin haka gwada Allah ne (Matiyu 4:5-7). Wanda ya ji gargaɗi sarai, ya bar 'ya'yansa suna kwana a hanyar ruwa, ya kamata ya binciki zuciyarsa ko dogara yake yi, ko kuwa gwada Ubangiji.

Akwai wani kuskure kuma, wato cewa ambaliya hukunci ne a kan zunuban waɗanda ta ci. Yesu ya yi magana kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5). Gwauruwar da ke haya a kwari tana can ne domin can kuɗinta ya kai. Aikinmu shi ne mu taimake ta ta fita, shari'a kuwa ta Allah ce.

Ikilisiya ta daɗe tana wannan koyarwa. A saƙonsa na Ranar Salama ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna cewa lalata halitta magana ce ta lamiri da ɗabi'a. A 2015 marigayi Paparoma Fransis ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si', inda ya koyar cewa yanayi dukiyar kowa ce, talakawa kuma su ke fara shan wuya in ya lalace. Shi ne ya sa ranar 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin kula da halitta a Ikilisiyar Katolika, ana kuma ci gaba da wannan addu'a har 4 ga Oktoba, idin Waliyi Fransis na Asisi. Waɗannan makonni su ne daidai lokacin cikar Binuwai. Ya dace mu da ke bakinsa mu riƙe su da muhimmanci fiye da kowa.

5. Yadda gari ke shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu bi shekara daki-daki.

Da rani. Wannan ne lokacin zama. Majalisar Ikilisiya ta nemi mai unguwa ko dagaci, da limamin masallaci, da shugabannin sauran ikilisiyoyi, da sarkin ruwa, da wakilan mata da matasa, a kafa kwamiti ɗaya na gari. A zaga tare da dattawa, su nuna inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022, a sa alama da fenti a jikin bango da itatuwa. A zana taswirar gari ko da a bayan kwali ne, a nuna gidajen da ke ƙarƙashin alamar, da rijiyoyi, da tudun da za a koma, da hanyar zuwa can. A kula ƙwarai da wannan: sau da yawa hanya takan yanke kafin ruwa ya shiga gidaje, gama akwai wani kwari ko kwalbati da ke fara nutsewa. Wannan wuri shi ke nuna ranar da ya kamata a tashi.

A rubuta sunayen waɗanda ba za su iya gudu da kansu ba: tsofaffi, makafi, guragu, majinyata, masu ciki da masu jego, da gidajen marayu. A gaban kowane suna a rubuta sunan wanda zai ɗauke shi. In an ce aikin kowa ne, ranar firgita ba za a sami kowa ba. A je kuma a yi magana da mutanen garin tudu tun yanzu, a daidaita inda baƙi za su sauka, da inda za a ɗaure dabbobi, da inda za a haƙa masai.

Da rani ne kuma ake ajiya. Bayan kaka kowane gida ya kawo mudu ɗaya ko biyu na hatsi a zuba a rumbun gari da ke kan tudu, a kuma buɗe asusu kamar na adashi. Mabuɗai su kasance hannun mutum biyu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, gama rashin gaskiya kan kashe irin wannan aiki tun kafin ruwa ya zo. Mai sabon gini ya ɗaga harsashi ya wuce alamar ruwa, ya sa dutse ko bulo na siminti a layukan ƙasa. A ɗaga bakin rijiya, a nisanta masai daga gare ta.

Da bazara. A farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina. Kafin damina ta zauna kuma hukumar nazarin ruwan koguna, wato NIHSA, takan fitar da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A sa mutum biyu masu karatu su bi wannan labari, su fassara shi, a karanta a majami'a lokacin sanarwa. A yi gayya a yashe lambatu da kwalbati. Masu jirage su toshe ɓaraka, a sayi rigunan kariya ko da kaɗan ne, a amince da yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka. Manomi kada ya zuba dukan ƙarfinsa a fadama. Ya raba, wani a tudu wani a fadama, ya nemi iri mai saurin nuna, ya kuma ɓoye wani iri a wuri mai tsayi. Da saukar ruwan fari a dasa itatuwa da ciyawar jema a gaɓar kogi da bakin kwari, gama saiwarsu na riƙe ƙasa.

Da damina. A kafa dogon turke mai ƙarfi a bakin kogi, a yi masa zane uku. In ruwa ya kai zane na fari, a kwashe hatsi da dabbobi da takardu, a kai tsofaffi da majinyata tudu. In ya kai na biyu, mata da yara su tashi. In ya kai na uku, kowa ya fita. Zane na uku ya kasance ƙasa da matsayin da hanya ke yankewa. Matasa su riƙa duba turken safe da yamma da tsakar dare, bi da bi. Annabi Ezekiyel ya ce in mai tsaro ya ga haɗari bai busa ƙaho ba, alhakin jinin mutane na wuyansa (sura 33). A amince da wani bugun ƙararrawa dabam da na Misa, wanda kowa har yara zai gane, lasifikar masallaci da mai shela kuma su ɗauka nan take. A daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, masu gidaje a kwari kada su yi barci duka.

Allah ya ba mu wata baiwa a nan. Daga Yola zuwa Makurɗi, har Lakwaja, akwai majami'unmu jere a bakin kogin. Katikis na garin da ke sama ya riƙe lambar wayar na garin da ke ƙasa. In ruwa ya hau wurinsa, ya kira. Kiran nan ɗaya yana iya ba gari yini guda na shiri.

Kowane gida ya ɗaure takardun fili, da na makaranta, da katin baftisma, da katin shaidar ɗan ƙasa cikin leda, tare da magungunan majinyata da tocila. Katikis ya kula da littattafan baftisma da na aure, Fada kuma ya shirya yadda za a ɗauke Sakramenti Mai Albarka zuwa majami'ar tudu. Mun san abin da ke hana mutane tashi: tsoron ɓarayi, da dabbobi, da shinkafar da ta kusa nuna. Saboda haka kwamiti ya shirya, da izinin mai gari, waɗansu ƙarfafan samari masu iya ruwa su riƙa zagaya gari da jirgi. A tashi da rana. Kada a ratsa ruwa mai gudu, gama ko bai kai gwiwa ba yana iya kada babban mutum. In kuwa an tashi ruwa bai shigo ba, kada a yi wa masu tsaro ba'a. A gode wa Allah, a gode musu, domin wata shekara su sami ƙarfin sake buga ƙararrawa.

Bayan ruwa ya janye. Haɗari bai ƙare ba. Ruwan ambaliya yakan haɗa masai da rijiya, daga nan amai da gudawa ke tashi. A tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a kwashe rijiya a wanke ta kafin a koma sha. Wanda gudawa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a garzaya da shi asibiti. In babu na ƙunshi, a haɗa ƙananan cokula 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A kwana cikin gidan sauro, a yi hankali da macizai cikin kaya, kada kuma a kwana jikin bangon ƙasa da ya sha ruwa. Lakar da kogi ya bari kuwa taki ce. Wanda ya ɓoye iri zai iya dasa masakwa, ko ya shuka wake da kayan lambu, ya mai da wani abu daga hasararsa. A ƙarshe kwamiti ya zauna ya rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya gaza, a sa sabuwar alama inda ruwan bana ya tsaya.

6. Magana mai wuya: ƙaura, maƙwabta da hukuma

Akwai unguwannin da ruwa ke ci kusan kowace shekara. A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya cikin ƙauna: gyaran bango ba zai isa ba, sai an mai da gidajen kwana kan tudu, a bar fadama ta zama wurin noma da su. Ba abu ne mai sauƙi ba. Can kaburburan iyaye suke, can aka binne cibiya. Tudun ma yana da masu shi, manoma da makiyaya, in kuwa ba a bi ta hannun sarakuna da hukuma an rubuta yarjejeniya ba, gudun ruwa zai iya haifar da rikicin fili. Shi ya sa ake fara wannan magana da rani, cikin natsuwa.

Ikilisiya ta taɓa nuna cewa irin wannan aiki mai yiwuwa ne. Tun daga 2014 babbar majami'ar Waliyiya Tereza da ke Jimeta ta sauki dubban waɗanda rikicin Boko Haram ya kora. A 2021 Dayosis na Yola, ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, ya buɗe gidaje 86 a Sangere Marghi domin waɗanda ba su iya komawa gida ba, aka gina majami'a, aka kuma gina masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Waɗannan ba ruwa ya kore su ba, amma darasin ɗaya ne. Ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida, jirgin ceto ma kada ya tambaya.

Hukuma kuma tana da nata haƙƙi. Tun shekarun 1980 ake maganar gina madatsar Dasin Hausa a yankin Fufore domin ta tare ruwan da ke zuwa daga Kamaru, har zuwa 2025 kuwa ba a gina ta ba. Ta hannun Hukumar Adalci, Ci Gaba da Salama ta dayosis, muna da ikon tambayar wakilanmu, cikin ladabi da naciya, game da wannan madatsa, da gyaran waɗanda ake da su, da isar da gargaɗi cikin harsunan da mutanen ƙauye ke ji, da hana sayar da filaye a hanyar ruwa. Amma kada jiran gwamnati ya hana mu yin abin da ke hannunmu bana.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ina ruwa ya tsaya a garinmu a 2012 da 2022? Gidaje nawa ke ƙarƙashin wannan matsayi yau?

2. Wane wuri ne ke fara yankewa a hanyarmu ta zuwa tudu?

3. Su wane ne a majami'armu da unguwarmu ba za su iya fita da kansu ba? Wa zai ɗauke su?

4. Yaya za mu amsa wa ɗan'uwan da ya ce tashi daga gida rashin bangaskiya ne?

5. Mu da ke kan tudu, iyali nawa za mu iya sauka, me kuma ya kamata mu tanada?

Aikin wannan wata: kowace majami'a ta zaɓi mutum biyar, a cikinsu mata biyu aƙalla, su je wurin mai unguwa da maganar kafa kwamiti, su kawo wa Fada rahoto kafin ƙarshen wata.

Addu'a

Ya Allah Uba, Mahaliccin koguna da tuddai, mun gode maka domin Binuwai da abincin da kake ba mu ta wurinsa. Ka ji ƙan 'yan'uwanmu da ruwa ya ci, ka ta'azantar da iyalansu. Ka gafarta mana inda muka ɓata ƙasar da ka ba mu amana. Ka ba mu kunnen jin gargaɗi kamar bawanka Nuhu, da hikimar tanadi kamar Yusufu, da zuciyar da ba za ta bar raunana a baya ba. Ka ba shugabanninmu gaskiya da himma, ka haɗa kanmu da maƙwabtanmu cikin salama. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.